Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Hukuncin Kwatto, Kwatarkwashi da Satiru

A Unguwar Hajji, kamar sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo, idan amfanin gona ya shigo gida aiki ya yi sauƙi, akan tarar da wasa iri biyu a inuwa guda. Dattawa sun haƙa gurabun dara talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, kuma babu ɗan da ya fi wani daraja. A gefensu matasa sun duƙufa a kan waya suna wasan yaƙi irin Clash of Clans, inda sansani yake da iyakar abin da zai ɗauka, sai mai wasa ya zaɓa: ya cika shi da ƙananan mayaƙa masu yawa, ko ya zuba 'yan ƙarata kaɗan waɗanda kowannensu ya ci gurbin mutum da dama. A kan wannan zaɓi ake musu har magariba.

Musun ya girmi waya. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma su ne dai suka ce taron tsintsiya ba shara. Littattafan hikaya kuwa sun fi karkata ga sarkin ƙarfi. A cikin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, jarumi guda ne yake ratsa runduna, ya gwabza da Turawa, ya wuce har ƙasar aljannu. Mai karatu yana son haka, domin labarin mutum ɗaya ya fi na taro daɗin bi. Sai dai ƙasar Hausa ta gwada wannan tambaya da jinin mutane sau da yawa tsakanin 1804 da 1906, kuma amsar da ta samu ta fi ta hikaya da ta wasa zurfi.

Lissafin da ke bayan wasa

A 1916 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya fitar da lissafin da har yau masu nazarin yaƙi da masu tsara wasanni suke komawa gare shi. Ya ce idan faɗan takobi ne, mutum da mutum, ƙarfin runduna yana tafiya daidai da yawanta. Idan kuwa kowa yana iya harbin kowa daga nesa, to sai a ninka adadin da kansa. Mayaƙa 100 da suka haɗu da 50 masu makami iri ɗaya, ƙarfinsu 10,000 ne a kan 2,500, kuma za su gama da abokan gaba suna da saura kimanin 87. Ma'ana, wanda aka ninka shi sau biyu a yawa, sai ya fi abokin karawarsa ƙwarewa sau huɗu kafin su yi kunnen doki.

Wannan lissafi yana goyon bayan sarkin yawa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kowane mayaƙi makaminsa ya iya kaiwa ga abokin gaba a lokaci guda. Na biyu, kowa ya tsaya har ya mutu, babu mai gudu. A cikin waya waɗannan sharuɗɗa suna cika kullum. A filin daga da wuya su cika, kuma a nan ne tarihi yake da abin faɗa.

Kwatto, 1804

A watan Yuni na 1804, watanni huɗu bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da rundunarsa. Yana da yawa, yana da kayan yaƙi: barade, 'yan lifida kimanin ɗari waɗanda su da dawakinsu suke lulluɓe da rigar auduga mai kauri, da mayaƙan Azbinawa. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin ƙaninsa Abdullahi, dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Yawancinsu malamai ne da almajirai da makiyaya, makaminsu kwari da baka.

Da aka haɗu a Tabkin Kwatto, dawakin Gobir suka danne gefen dama da gefen hagu na jama'a har suka cusa su cikin tsakiya. Maimakon sahu ya watse, sai ya dunƙule. 'Yan baka suka zama curi guda, kibiyoyi suna fita ta kowace fuska, doki kuwa ba ya son faɗa wa taron da ya ƙi motsi. Mahayi ba ya cutar da kowa sai mashinsa ya kai, alhali kibiya tana samunsa tun yana nesa. Saboda haka a kowane ɗan lokaci, masu faɗa na gaskiya a ɓangaren jama'a sun fi na Yunfa yawa, ko da yake a ƙidaya su ne 'yan kaɗan. Rundunar Gobir ta karye, Yunfa ya tsere.

Amma nasarar tana da tsada a ɓoye. A ƙarshen wannan shekara, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Azbinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna, aka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Sarki yana iya aika wa hakimai su tara masa wasu dakaru kafin damina. Mahaddaci kuwa sai an yi shekaru ana rainonsa. Wannan shi ne raunin sarkin ƙarfi a ko'ina: abin da ya rasa ba ya samun madadinsa da wuri. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808, bayan jama'a ta tara dawaki da mabiya, wato bayan ita ma ta zama mai yawa.

Ƙasar Kano ta ga irin wannan. Masu jihadinta sun yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando a yammacin birni, kuma Karaye tana cikin garuruwan da suka shiga hannunsu kafin babban birnin. Sarkin Kano Alwali ya fi su dawaki da jama'a, duk da haka rundunarsa ta karye a Ɗanyaya, shi kuma aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Kwatarkwashi, 1903

Cikin shekara ɗari da suka biyo baya, daular da 'yan baka suka kafa ta zama daular doki. Daraja a wurin yaƙi ta koma ga mai sulke da lifidi, dakaru da 'yan baka suka koma baya. Bindigogi sun shigo, sarakuna suna damƙa su a hannun bayinsu, amma tsarin faɗa bai sauya ba: a yi sukuwa a fasa sahun abokan gaba.

A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji kimanin 800, da igwa huɗu, da bindigogin Maxim huɗu masu aman harsashi ba ƙaƙƙautawa. Ya fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu ya shiga Kano. Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa, sai Sarkin Shanu da aka bar wa gari, wanda ya mutu yana kare fada. A kan hanyar dawowa Alu ya rabu da rundunarsa cikin dare. Ta rabu biyu: Wambai Abbas ya ja wani sashe ya nufi Kano don a yi sulhu, Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi.

A ƙarshen Fabrairu, kusa da dutsen Kwatarkwashi, mutanen Waziri suka ci karo da wata 'yar ƙungiyar sintiri ta Laftanar Wallace Wright. Bisa rahoton Turawa, yana tare da hafsa ɗaya da sojoji 44, kuma sun tsaya wa mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon sa'a biyu. Alƙaluman ɓangare guda ne, ɓangaren da ya ba Wright lambar yabo mafi girma ta Ingila, don haka sai a karɓe su da taka tsantsan. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne tazarar tana da girma ƙwarai, kuma Waziri Ahmadu ya faɗi a wannan yaƙi, har aka riƙa kiransa Mai Shahada.

Yadda abin ya faru ya yi kama da Kwatto, sai dai an juya waina. Sojojin suka sauka daga dawaki, suka ja sahu mai kusurwa huɗu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, suna harbi tare bisa umarni. Harsashi yana kaiwa ɗaruruwan taku, mashi kuwa sai an matso. Cikin dubban mutanen Waziri, waɗanda suke iya taɓa abokin gaba a lokaci guda 'yan kaɗan ne na gaba, su kuwa 46 ɗin nan dukansu suna cikin faɗa. Jikokin waɗanda suka karya doki da sahu a 1804 su ne suka hau doki suka faɗa wa sahu a 1903.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Sojojin da suka tsaya a cikin sahun nan ba Turawa ba ne. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897 ta cika da Hausawa da Yarabawa, da yawansu talakawa da bayin da suka gudu. Ba jarumta ta haihuwa ce ta bambanta su da mutanen Waziri ba. Horo ne, da albashi, da bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya.

Satiru, 1906

Wanda ya tsaya a Kwatarkwashi zai ce magana ta ƙare, sarkin ƙarfi ya yi nasara. Shekara uku bayan haka wani ƙauye a kudu da Sakkwato ya warware wannan hukunci. Mutanen Satiru, manoma da bayin da suka tsere, sun taru a bayan Malam Isa da wani malami da ya ƙetaro daga yankin Faransa, Ɗan Makaho, a kan da'awar Mahdi. Ran 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan Hillary ya nufe su da sojojin doki kimanin 70 ƙarƙashin Laftanar Blackwood, irin sojojin da suka yi Kwatarkwashi, da irin bindigoginsu.

Hillary ya wuce gaba da niyyar yin magana da mutanen gari. Blackwood ya ga an rufo shi, sai ya matsa da sojojinsa don ya cece shi, sahu ya ɓaci. Bindigar Maxim ba a kai ga shirya ta ba. Mutanen Satiru suka iso da fartanya da gatari da kibiya kafin a sake jan layi, dawaki suka firgita, faɗa ya koma na hannu da hannu, inda yawa yake da cikakken ikonsa. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Blackwood da sojoji 25, aka ƙwace Maxim. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

Ashe ƙwarewar nan tana zaune ne a cikin sahu. Da sahu ya tarwatse, soja ya koma mutum ɗaya mai bindiga ɗaya a tsakiyar taro.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. Ran 10 ga Maris Manjo Goodwin ya iso da sojoji fiye da 500, tare da dawakin Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu. Aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe Satiru, aka hana sake zama a cikinta. Turawa sun rasa mutum 28 suka kawo ɗaruruwa cikin mako huɗu, saboda a bayansu akwai waya, da baitulmali, da barikoki daga Lokoja zuwa Kontagora. Satiru ba ta da kowa a bayanta. Wannan ma yawa ne, irin wanda ba a ganinsa a filin daga.

Abin da waya ba ta ƙidayawa

Idan aka jera yaƙe-yaƙen nan, tambayar matasan Unguwar Hajji tana sauya kama. Abin da ya yanke hukunci a kowannensu abu uku ne: mutum nawa ne makaminsu yake kaiwa a lokaci guda, shin sahu zai tsaya idan tsoro ya zo, kuma wa yake iya mayar da abin da ya rasa. Yunfa da Waziri Ahmadu suna da yawan da bai kai ga abokin gaba ba. Blackwood yana da ƙwarewar da ta dogara ga tsari guda. Mutanen Satiru sun ci rana ɗaya ba su da ta biyu. Sojan wasa ba ya jin yunwa, ba ya tunanin gonarsa, kuma sarkinsa ba ya barinsa cikin dare kamar yadda ya faru da rundunar Kano, wadda ta ragu tun ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Batun bai tsufa ba. Duk lokacin da 'yan bindiga suka far wa wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, muhawarar da ke tashi ita ce a ƙara yawan jami'an tsaro ko a ƙara musu kayan aiki. Tarihin ƙasar nan yana nuna cewa kafin waɗannan akwai wasu tambayoyi: nawa ne za su iya isa ƙauyen a daren da ake bukatarsu, za su tsaya tare idan sun isa, kuma wa zai maye gurbinsu gobe.

A wannan fuska dattawan da ke gurabun dara sun fi kusa da gaskiya. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, babu ƙato babu ƙarami, kuma ba a cin ɗan abokin wasa sai an jera uku a layi ɗaya.