Tsakanin Gaggawa da Amana: Tarihin Sayen Makamai a Amurka

A shekarar 1863, sa'ad da yaƙin basasar Amurka ya yi tsanani, gwamnatin tarayya kuma tana zuba dukiya a kan rundunoninta ba dare ba rana, Majalisar Dokokin ƙasar ta ga tilas ta kafa doka a kan 'yan kwangila, domin ha'incinsu ya wuce misali: wannan ya sayar wa soja alfadarai marasa lafiya, wancan ya kawo abincin da ya riga ya ruɓe, wani kuma ya cuɗa albarushi da garin katako ya karɓi kuɗinsa cif. Dokar, wadda Shugaba Lincoln ya sa wa hannu a watan Maris, ta yi tanadin cewa duk wanda ya tona asirin mai cutar baitulmali za a ba shi rabo daga abin da aka ƙwato, kuma har gobe ana hukunci da ita.

A wannan lokaci kuwa, shugaban ofishin makamai na rundunar wani dattijo ne, Janar James Ripley, wanda ya yi aikin soja tun yaƙin 1812, mutum mai tsantseni da riƙon amana, wanda babu mai zarginsa da cin ko anini. Shi ne ya yi ta jan ƙafa wajen sayen sababbin bindigogi masu ɗurin baya, irin su bindigar Spencer mai cin harsashi 7 a ɗuri guda, bisa hujjar cewa soja zai yi almubazzaranci da harsashi, kuma idan bindigogi suka zama iri-iri, isar wa kowace da abincinta a fagen fama zai zama wahala. Hujjar ba ta banza ba ce, duk wanda ya taɓa ciyar da runduna ya san haka. Amma Lincoln da kansa ya fita ya harba Spencer a watan Agusta, a watan da ya biyo baya kuma aka sauke Ripley. Tun daga nan hukumar Amurka take tsakanin tsoro biyu, tsoron ɓarawo da ke sa ta ƙara sharaɗi bisa sharaɗi, da tsoron abokin gaba da ke sa ta tsallake sharuɗɗan da ta kafa da hannunta. Kuma kusan duk wani gyara da aka yi a shekaru 160 ɗin nan, ɗaya daga cikin tsoron biyu ne ya haife shi.

Yaƙin Duniya na Farko ya zo musu ba shiri, har matuƙansu suka yi yaƙi galibi da jiragen Faransa da Ingila, masu igwarsu kuma da igwar Faransa. Cikin waɗanda abin ya tsaya wa a rai akwai wani malamin injiniya, Vannevar Bush, wanda ya ga yadda masana da hafsoshi suka kasa fahimtar juna a wancan yaƙi. Saboda haka a ranar 12 ga Yuni 1940, kwana biyu kafin Jamusawa su shiga Paris, ya shiga wurin Shugaba Roosevelt da shawara a takarda ɗaya tak, ya fito cikin 'yan mintoci da amincewar shugaba a rubuce a kanta. Daga wannan takarda aka sami kwamitin bincike na tsaron ƙasa, wanda a 1941 aka faɗaɗa shi ya zama Ofishin Bincike da Bunƙasa Kimiyya.

Hikimar Bush tana cikin tadbirinsa. Bai nemi a sa wa masana kakin soja ba, bai kuma nemi a tara su a ɗakunan gwaji na gwamnati inda magatakarda zai riƙa auna musu tawada ba. Abin da ya yi shi ne ya bar kowane malami a jami'arsa tare da almajiransa, ya ƙulla kwangila da jami'ar a kan a biya ta abin da ta kashe, ba riba ba hasara, shi kuma ya tsaya tsakaninsu da janar-janar, yana da ikon shiga wurin shugaban ƙasa kai tsaye in an yi masa taurin kai. Da Ingilishi suka kawo musu wata ƙaramar na'ura mai haifar da igiyar rediyo mai ƙarfi a kakar 1940, sai aka buɗe ɗakin bincike a jami'ar MIT, wanda kafin ƙarshen yaƙin ya tara ma'aikata kusan 4,000, daga can kuma aka fitar da nau'o'in rada masu hango jirgi cikin duhu da hazo. A jami'ar Johns Hopkins aka ƙera kan harsashin igwa mai ɗauke da ɗan rediyo a cikinsa, wanda yake fashewa da zarar ya kusanci jirgi ko da bai same shi ba, kuma a Janairun 1943 ya kakkaɓo jirgin Japan na farko. Har yawaita maganin penisilin ta wannan ofis ta bi. A ɓangaren kamfanoni ma haka: a 1943 Kelly Johnson na kamfanin Lockheed ya keɓe da 'yan injiniyoyi kaɗan, suka ƙera jirgin yaƙi mai injin jet cikin kwana 143, alhali takardar kwangilar kanta ba ta iso ba sai da aiki ya yi nisa.

Sai dai masu ba da wannan labari da sha'awa sukan manta da rabinsa. A watan Maris na 1941 wani sanata daga jihar Missouri, Harry Truman, wanda ya tuƙa motarsa da kansa ya zaga sansanonin da ake ginawa, ya sa aka kafa kwamitin binciken kuɗin yaƙi, kwamitin kuwa ya tarar da ɓarna mai yawa, har da injinan jirage masu aibi da wata masana'antar Curtiss-Wright a Ohio ta miƙa wa soja da sa hannun masu duba kaya. Sunan da Truman ya yi a wannan aiki shi ya kai shi kujerar mataimakin shugaban ƙasa, daga nan ya gaji Roosevelt a 1945. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa larura tana halatta abin da aka hana, suna kuma da wata mai bi mata, cewa abin da aka halatta saboda uzuri yana faɗuwa da gushewar uzurin. Amurkawa ba su karanta wannan babi ba, amma da shi suka yi aiki: a 1947 aka rufe ofishin Bush, doka ta koma kan neman farashi a bainar jama'a, littafin ƙa'idojin sayen kaya kuma ya fara ƙiba.

Shekara 10 bayan haka, a ranar 4 ga Oktoba 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a watan Disamba kuma rokar Amurka mai suna Vanguard ta tarwatse a wurin harbawa mutane suna kallo. Rundunonin ƙasa da na ruwa da na sama kowace tana da nata shirin roka, kowace tana kishin 'yar'uwarta. Shugaba Eisenhower, wanda ya san halin janar-janar domin shi ma janar ne, da Sakataren Tsaronsa Neil McElroy, wanda daga kamfanin sabulu na Procter & Gamble aka ɗauko shi, suka yi abin da magabatansu suka yi, abin da kuma na bayansu za su yi ta maimaitawa, watau halin maigidan da ƙofar zaurensa ta cije, maimakon ya kira kafinta sai ya fasa katanga ta baya. A Fabrairun 1958 suka kafa hukumar ARPA, wadda daga 1972 aka fi sani da DARPA. Ba ta da ɗakin gwaji nata na kanta. Tana ɗauko gwani ta ba shi kuɗi da iko na 'yan shekaru ƙididdigaggu, ya zaɓi wanda zai yi masa aiki, in abin ya ƙi ya yanke shi ba tare da an tuhume shi ba, in wa'adinsa ya cika ya tafi. Daga nan aka sami ARPANET a 1969, kakar intanet, aka kuma sami fasahar jirgin da rada ba ta iya gani, wadda ta haifi jirgin F-117. Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da ya fito daga wannan kafa alheri ne, gama gwaje-gwajen farko na maganin kashe ganyen daji da aka fesa a Vietnam, wanda cutarsa ta bi mutane har jikoki, da hannun wannan hukuma a ciki, kuma ƙarancin masu sa ido da ya ba ta sauri shi ne ya ba ta damar yin hakan.

Babbar ƙofar kuwa, watau hanyar sayen makamai da aka saba, Sakataren Tsaro Robert McNamara ne ya yi mata ginin da take da shi har yau. Ya zo daga kamfanin Ford a 1961 da imani mai ƙarfi ga lissafi, ya kafa tsarin da ke tilasta wa kowace runduna ta bayyana bukatarta, ta ƙiyasta kuɗinta na shekaru 5 masu zuwa, ta kawo hujja a kan kowane layi. Niyyar mai kyau ce, domin kafinsa kowa kasonsa yake ja. Amma illar tsarin ita ce, ana rubuta kasafi kamar shekara biyu kafin a kashe shi, don haka duk abin da aka ƙirƙiro a tsakani ba shi da gurbi. Dabararsa ta ɗaure kamfani da farashi guda tun kafin a zana jirgi ita ma ta ci tura a kan jirgin dakon kaya C-5A, wanda wani ma'aikaci, Ernest Fitzgerald, ya shaida wa Majalisa a 1968 cewa kuɗinsa ya haura ƙiyasi da kusan dala biliyan 2. Ladan da ya samu shi ne kora. David Packard, wanda ya zama mataimakin Sakataren Tsaro a 1969, ya juya akalar zuwa ga a ƙera samfuri a tashe shi sama kafin a saya, kuma gasar da aka yi a kan wannan ƙa'ida a 1974 ita ta fitar da jirgin F-16, wanda a ganina babu wata shaida da ta fi shi nuna cewa babbar ƙofar ma tana buɗuwa in an sami mai azama.

A shekarun 1980 jaridu suka cika da labarin gudumar dala 435 da mazaunin masai na dala 640. Daga baya masu bincike suka nuna cewa wani ɓangare na farashin gudumar ya zo ne daga yadda akawu ya raba kuɗin ɗawainiya daidai-wa-daida a kan kowane kaya, ƙarami da babba, amma wa zai tsaya sauraron akawu? Majalisa ta ƙara dokoki, kamfanoni suka ƙara lauyoyi, har ta kai ga biskit ɗin da soja zai ci yana da takardar sharuɗɗa mai shafi fiye da 20. Sakamakon ya bayyana a yaƙin Tekun Fasha, inda rundunar sama ta bukaci rediyo 6,000 irin na kasuwa daga Motorola cikin gaggawa, kamfanin ya kasa rantsewa cewa bai taɓa sayar wa kowa a ƙasa da wannan farashi ba kamar yadda doka ta shar'anta, babu kuma jami'in da ya yarda ya ɗauke sharaɗin, sai da gwamnatin Japan ta saya ta ba Amurka kyauta. Sakataren Tsaro William Perry ya yi ƙoƙarin warware wannan ƙulli a 1994 da umarnin cewa a sayi kayan kasuwa sai inda ya gagara. Amma a daidai wannan zamani manyan kamfanonin makamai suka yi ta haɗewa, daga 51 suka koma 5, gasar da ake fata ta rage farashi kuma ta rasa masu yinta.

Yaƙin Iraƙi ya sake kawo larura. Nakiyoyin gefen hanya suna cin sojoji a cikin motoci masu shimfiɗaɗɗen ciki, bukatar gaggawa da sojojin ruwa na Marine suka rubuta tun Fabrairun 2005 kuma tana kwance a ofis, sai da Sakataren Tsaro Robert Gates ya ɗauki al'amarin a hannunsa a 2007 ya sa shi gaba da kome. Motar MRAP, wadda cikinta yake da tsini don ya kawar da ƙarfin fashewa gefe, dabarar da aka koya daga kudancin Afirka, an ƙera fiye da 27,000 nata cikin 'yan shekaru, an kuma ceci rayuka da yawa. Da yaƙin ya lafa sai aka rasa yadda za a yi da su: waɗansu aka yanka su a Afghanistan aka sayar a matsayin ƙarfe, waɗansu aka rarraba wa ƙasashe, har Nijeriya ta karɓi 24 a Janairun 2016 don yaƙin Arewa maso Gabas. Shi kuwa jirgin F-35, wanda ya bi ta babbar ƙofa, an ba da kwangilarsa a Oktoban 2001, ba a ba da izinin ƙera shi gadan-gadan ba sai a Maris na 2024.

Kafa ta baya-bayan nan ita ce wadda Sakataren Tsaro Ashton Carter ya fasa a 2015, sa'ad da ya buɗe ƙaramin ofis a Mountain View ta jihar California, a tsakiyar kamfanonin kwamfuta, domin a zamaninmu sabuwar fasaha ta daina fitowa daga gidan soja ta gangaro kasuwa kamar a zamanin Bush, daga kasuwa take fitowa soja ya bi ta. Ofishin, mai suna DIU, yana amfani da wani izini na musamman da ke ba shi damar ƙulla yarjejeniya cikin watanni ba tare da bin babban littafin ƙa'idoji ba. Yana iya biyan kuɗin samfuri, amma sayen dubbai sai runduna, runduna kuwa ba ta da gurbi a kasafin da ta rubuta shekara biyu da suka wuce. Wannan tazara masu sana'ar suke kira kwarin mutuwa, domin ƙananan kamfanoni da yawa a cikinta kuɗinsu yake ƙarewa suna jira. Wani kwamiti da Majalisa ta naɗa ya ba da shawara a 2024 cewa a sauya tsarin McNamara baki ɗaya. A shekarar ta 2024 kasafin DIU bai cika dala biliyan 1 ba, alhali na Ma'aikatar Tsaro ya haura biliyan 800.