Shekarar da Kofi Ya Kwana a Maraɗi

Duk wanda ya duba jerin zakarun ƙwallon ƙafa na Nijar zai ga abu guda: Yamai, Yamai, Yamai. Sau biyu kaɗai layin ya karye. A 1983 ƙungiyar Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauke kofin ƙasa, a 1984 kuma Espoir ta Damagaram ta bi sahunta. Daga nan kofin ya koma babban birni, bai sake fitowa ba.

Ni abin da ke burge ni game da Jangorzo, sunanta ma na gida ne. Yana tuna wa mutum Bawa Jan Gwarzo, sarkin Gobir, ga kuma Tsibirin Gobir nan kusa da Maraɗi. Ƴar'uwarta Dankassawa ita ma sunan Ɗan Kasawa ta ɗauka, sarkin da ya kafa Maraɗi. Ekip ce ta gari, ba ta wata ma'aikata ba. Kuma daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, ga kuɗin mota, ga na abinci da masauki.

To me ya hana a maimaita? Ku dubi masu cin kofi a shekarun nan: AS FAN ta soja, AS Douanes ta duwan, ta jandarma, ta Nigelec, ta Sonidep. Waɗannan suna da uwa a gindin murhu. Suna biyan albashi, don haka yaro na fara haskawa a garinsu sai su ɗauke shi. Ekip ɗin gari kuwa sau da yawa a aljihun alhaji ɗaya take rayuwa. Ran da kasuwa ta juya mai baya, shi ke nan.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Amurka akwai wasan ƙwallo da sanda, besbol, inda manyan ƙungiyoyi ke renon ƴan wasansu a ƙananan ƙungiyoyi na wasu garuruwa. A 1956 babbar ƙungiyar Cardinals ta yi niyyar yar da Red Wings ta garin Rochester. Wani ɗan kasuwa, Morrie Silver, ya shiga sayar wa jama'a hannun jari, dalar Amurka 10 kowane ɗaya. Mutum 8,222 suka saya, ƙungiya ta zama ta gari a 1957, kuma har yau tana wasa.

Mu a Gaya ƴan balo ba su yi mana kaɗan ba, ga Malanbil a ƙetaren gada, ga Kamba a gefe. Abu biyu nake roƙonmu, matasa. Na farko, asusun ekip ya zama na mutane da yawa, ko da dala ashirin-ashirin ne, a rubuce. Na biyu, mu je wajen tsofaffin ƴan wasanmu da takarda da biro, mu tambaye su sunayen ekip-ekip ɗin da, da wa suka kara, a wane fili, tun suna da rai.