Tarihin Gashin Mata Baƙar Fata a Amurka

Tarihin gashin mata baƙar fata na Amurka ya ratsa bauta, doka, kasuwanci da tarbiyyar 'ya'ya mata. Kakanninsu sun fito ne daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda kitso kan nuna ƙabilar mace da shekarunta, da ko budurwa ce ko matar aure. Fataken bayi sukan aske kan waɗanda suka kama kafin a loda su a jirgin ruwa, sai mace ta sauka a baƙuwar ƙasa babu wata shaidar asalinta.

Zamanin bauta

A gonakin auduga da rake babu lokacin kitso, babu mataji irin na gida, babu man kaɗanya. Mata suka koma ɗaurin ɗankwali, sai ranar Lahadi su yi wa juna kitso, suna shafa kitse ko man shanu. A lokacin ne aka raba gashi gida biyu: mai santsi irin na Turawa ake kira mai kyau, mai murɗe kuwa abin kunya. A 1786 gwamnan Sifen a Louisiana, Esteban Miró, ya kafa dokar da ta tilasta wa mata baƙar fata, har da 'yantattu, rufe gashinsu a bainar jama'a. Matan New Orleans suka bi dokar da yadudduka masu launi, suka ƙawata ɗaurin har ya zama ado.

Matajin wuta

Bayan soke bauta a 1865, miƙaƙƙen gashi ya zama sharaɗin samun aiki da mutunci a wurare da yawa. Sarah Breedlove, wadda aka fi sani da Madam C.J. Walker, an haife ta a 1867, kuma da wankau ta fara neman abinci. Da gashinta ya soma zubewa, ta sayar da kayan gyaran gashi na wata mai suna Annie Malone, daga baya ta haɗa nata man. A 1910 ta kafa masana'anta a Indianapolis, ta koya wa dubban mata sana'ar gyaran gashi, suka tsaya da ƙafafunsu.

A gidaje, daren Asabar shi ne daren gashi. Uwa takan ɗora matajin ƙarfe a kan murhu har ya yi zafi, ta shafa mai, ta bi gashin layi-layi. Yarinya na zaune ta lanƙwashe kunnenta da yatsa don kada ya ƙone, ƙauri ya cika kicin. Daga nan sai kiyaye ruwan sama, gumi da iyo, domin danshi kaɗan ya isa ya mayar da gashin yadda yake. Daga shekarun 1950 man rilaksa mai miƙar da gashi ya bazu, ranar da aka fara shafa wa yarinya kuma takan zama alamar ta girma, ko da fatar kanta ta ɗaye.

Illar ba ta tsaya a fata ba. A shekarun 1940 masana Kenneth da Mamie Clark sun ba yara baƙar fata 'yartsana fara da baƙa, yawancinsu suka zaɓi farar. An gabatar da wannan bincike a shari'ar da ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954.

Komawa ga asali

A 1962 mai ɗaukar hoto Kwame Brathwaite da abokansa suka shirya bikin nuna ado a Harlem, inda 'yan mata suka fito da gashinsu yadda Allah ya halicce shi. Cikin 'yan shekaru wannan salon, da ake kira afro, ya zama tambarin masu fafutukar 'yanci, hoton ɗaya daga cikinsu, Angela Davis, ya karaɗe duniya.

Kotu da makaranta

Hukumomi sun yi jinkirin amincewa. A 1981 wata kotun tarayya ta yanke cewa kamfanin American Airlines na da ikon hana ma'aikaciyarsa Renee Rogers zuwa aiki da kitso. An sha korar ɗalibai daga aji saboda kalaba ko dada. Matsalar ta tsallaka teku: a 2016 ɗaliban makarantar 'yan mata ta Pretoria a Afirka ta Kudu sun yi zanga-zanga kan matsin da ake musu na miƙar da gashi.

Tun farkon shekarun 2000 mata da yawa suka daina rilaksa, suna koya wa juna kula da gashi ta intanet. A 2022 binciken cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ya danganta yawan amfani da man miƙar da gashi da ƙarin haɗarin kansar mahaifa. A 2019 Kalifoniya ta zama jiha ta farko da ta kafa dokar CROWN, wadda ta haramta nuna bambanci saboda gashi a wurin aiki da makaranta, jihohi fiye da 20 suka bi sahu. Majalisar Wakilan Amurka ta amince da irinta a 2022, amma ba ta wuce Majalisar Dattawa ba, don haka kariyar da yarinya ke samu kan gashinta ta dogara da jihar da take zaune.