Littattafan Soyayya da 'Yan Matan Makaranta a Ƙasar Hausa

Littattafan soyayya suna ne da aka laƙaba wa ƙagaggun labaran Hausa da suka cika kasuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980. Yawancinsu labarin budurwa ne a 'yan shekarun da ke tsakanin ajin sakandare da ɗakin miji. Masana sun fi kiransu Adabin Kasuwar Kano, don a Kano aka fi buga su, daga can kuma dillalai ke watsa su har Maradi da Damagaram. Mata ne suka fi karanta su, daga baya kuma mata suka rinjayi masu rubuta su. Makarantar 'yan mata, musamman ta kwana, ita ta samar musu da masu karatu, ita ta zama hanyar yawonsu, ita ce kuma abin da ake jayayya a kai a cikin labaran kansu.

Tushen abin yana Zariya. A nan Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko. Cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri, Jiki Magayi na John Tafida da East ne kaɗai ya ginu a kan so: Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya ƙwace ta da dukiya, sauran labarin kuma ramuwar gayya ce. Ita Zainab ba ta da bakin magana sosai, ana yi da ita ne kawai. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo baya a 1966, Tudun Wada kuwa, unguwar da ta tashi a bayan ganuwar birnin Zazzau zamanin Turawa, ta cika da malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan ɗab'i. Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce, ma a nan ya zauna. Littattafan da wannan zamani ya samar na aji ne, malami ke riƙe da su yana koyarwa, kuma maza ne suka rubuta su.

A 1980 NNPC ya buga littattafan da suka yi nasara a wata gasa da ya shirya, biyu daga ciki na soyayya ne tsantsa: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Na biyun shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Jarumarsa Boɗaɗo, Bafulatana, ta nace a kan Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne, kuma da bakinta ta faɗi abin da take so. Wannan ne sabon abu. Marubutan da suka zo daga baya sun sha ambaton littafin a matsayin wanda ya buɗe musu ido.

Masu karatun ma suna tafe. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda aka ƙaddamar a 1976, ya kwararo yara cikin aji, har da 'ya'ya mata da a da ba za a sa su boko ba. Kafin tsakiyar shekarun 1980 waɗannan yara sun kai sakandare, sun iya karanta Hausa sarai, sun gama Magana Jari Ce, suna neman wani abu da ya shafe su. Masu ƙarfin Turanci suna da Mills & Boon da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda a cikinsa The Undesirable Element na Mohammed Sule ya fito a 1977, labarin 'yar makaranta da mai kuɗi ya ruɗa. Sauran kuwa sai finafinan Indiya a talabijin da bidiyo. Ana cikin haka tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan manhaja kaɗai. Sai matasa suka daina jiran kowa. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai wa mai keken rubutu, ya biya ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauki kayansa ya kai kasuwa.

Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko da suka bi wannan hanya. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi farin jinin da ba a saba gani ba, har sunayen jarumansa, Sumayya da Muhammad, suka zama abin misali a wasiƙun samari. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano ta riƙa sa hoton mambobinta a cikin littattafai. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta zo da Allura Cikin Ruwa da 'yan'uwansa, inda jarumar takan yi karatu mai zurfi, ta iya ado da girki, ta san addini, ta kuma mallaki gidanta.

Yadda littafin ke yawo ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ya tsara siffarsa. Littattafan sirara ne, takarda mai araha, ana raba labari ɗaya kashi biyu ko uku ko huɗu, a yanke shi daidai inda rai ya fi biyawa, a ce sai an haɗu a littafi na gaba. Wadda ba ta da kuɗin saye sai ta je wurin mai haya, ta biya na kwana ɗaya ko biyu. A makarantar kwana littafi ɗaya kan zagaye ɗaki guda kafin bangonsa ya cire. Ana shigo da shi a ƙasan akwati ranar dawowa hutu, ko wata yaya ta kawo ranar ziyara, a ɓoye shi a cikin littafin lissafi lokacin firef, a ƙarasa shi da tocila bayan an kashe fitila. Wadda ta riga ta karanta littafi na biyu ta zama abar lallashi. Siririn littafi ya fi daɗin ɓoyewa, wannan ma dalili ne, ko da ba a cika faɗarsa a taron masana ba.

Ana yawan kwatanta wannan adabi da na wasu ƙasashe, kuma kwatancin da ya fi haskaka shi shi ne na labaran zane na 'yan mata a Japan. Can ma mujallu masu araha ne suka raine su, irin su Nakayoshi da ta fara fita a 1954, da Ribon a 1955, da Margaret a 1963, kuma tun daga shekarun 1960 mata matasa suka karɓe alƙalamin suka mai da soyayyar 'yan sakandare babban jigo. Hana Yori Dango na Yoko Kamio, wanda ya fara fita a 1992, shi ne asalin fim ɗin Koriya mai dogon zango Boys Over Flowers na 2009, wanda 'yan mata da yawa a Nijeriya suka kalla. A labaran Japan saurayi da budurwa aji ɗaya suke ko makaranta ɗaya, tashin hankalin duka shi ne yadda za a furta so, aure kuwa yana can nesa. A na Hausa abin ya sha bamban. Makarantun gwamnati na kwana a Arewa yawanci a rabe suke, maza daban mata daban, saboda haka jarumin ba ɗan aji ba ne. Yakan zama babba: ɗan'uwa da take kira Yaya, ko abokin wanta, ko malami, ko likita, ko soja. Ana haɗuwa a biki ko a hutu, a yi zance a zaure da sanin iyaye, wasiƙa ta cike sauran. Aure kuma yana bakin ƙofa tun daga shafi na farko.

Shi ya sa makaranta a waɗannan labarai ta zama abin da ake tsoron rasawa. Tambayar da ke riƙe mai karatu ita ce ko za a bar yarinya ta zana jarrabawar ƙarshe, ko uba zai ba da ita ga abokinsa, ko wanda ta zaɓa zai jira ta. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990, shi ya fi fito da wannan fili: an cire jarumar, Abu, daga makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta da ilimi, aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu da kanta. Marubuciyar ma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Yarinyar da ke karanta wannan a aji huɗu, tana kallon gadon ƙawarta da ba ta dawo daga hutu ba, ba ta buƙatar a yi mata sharhi.

Suka ta zo da wuri. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano bisa kwatanci da adabin kasuwar Onica, ya ga littattafan ba su da inganci kuma ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare su, aka yi shekaru ana fafatawa a shafukan jaridu, har da New Nigerian ta Kaduna. Wani ɓangare na sukar gaskiya ne: kurakuran rubutu sun yi yawa, wasu labaran an kwaso su daga finafinan Indiya, motoci da gidajen jarumai sun wuce hankali. Iyaye da malamai kuwa zarginsu daban ne, cewa littattafan na koya wa yara bijire wa zaɓin iyaye. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta ƙona tarin littattafan da aka tattara daga hannun 'yan makaranta a Kano, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista. Matakin ya girgiza kasuwa, amma abin da ya kassara shagunan haya daga baya wayar hannu ce.

Yanzu yawancin labaran a WhatsApp da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks suke fita, shafi-shafi, a ba da na farko kyauta, mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki. Wasu ana karanta su da murya a YouTube da gidajen rediyo. Marubuciya na jin ra'ayin masu karatu kafin ta rubuta shafin gobe, wani lokaci har su sa ta sauya wanda jaruma za ta aura. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta fito da marubuta da dama da suka taso a wannan fage. Jarumar ma ta ƙara shekaru. Sau da yawa yanzu 'yar jami'a ce ko mai bautar ƙasa, rigimar kuma ta koma kan ko miji zai cika alkawarin da ya ɗauka gaban iyayenta na barin ta ta ƙarasa digiri ta yi aiki.