Tarihin Tsumman Lallashi a Renon Turawa

Shaƙuwar ƙaramin yaro da tsumma, bargo ko 'yar tsana, wanda yake ƙanƙamewa idan barci ko tsoro ya zo masa, tana da alaƙa da tarihin kwanciya a Turai da Amurka, inda tun ƙarni na 19 masu hali suka riƙa kwantar da jarirai a ɗaki dabam. A 1928 masanin halayyar ɗan Adam John Watson har gargaɗin iyaye mata ya yi da su rage rungumar 'ya'yansu, shawarar da ba ta yi wa yara adalci ba. Likitan yara na Ingila, Donald Winnicott, shi ya ɗaga darajar tsumman a maƙalarsa ta 1951, inda ya bayyana shi a matsayin gadar da yaro ke bi daga jikin uwa zuwa dogaro da kai. Ya lura cewa uwa takan bar tsumman ya yi dauɗa har da wari, domin wanki yana raba yaron da abin da ya saba da shi. Binciken da aka yi daga baya a ƙauyukan Italiya da kuma Koriya ya nuna cewa wannan ɗabi'a tana raguwa a inda yaro ke kwana kusa da uwarsa.