Mabusan da suka sa aka rubuta wa kilarinet da fiyano kiɗa

Kilarinet abin busa ne na katako, baƙi, dogo, mai ɗan siririn kara guda a bakinsa wanda numfashi ke kaɗawa, saɓanin algaita mai kara biyu. A birnin Nuremberg na Jamus aka ƙera shi wajen shekarar 1700, a hannun Johann Christoph Denner. Haɗa shi da fiyano ba ƙaramin aiki ba ne, domin halinsu ya sha bamban. Fiyano da zarar an taɓa shi sai sautin ya soma dusashewa. Shi kuwa kilarinet yana riƙe sauti muddin akwai numfashi, ya ɗaga shi, ya sauke shi har ya koma kamar raɗa. Wanda bai zauna kusa da gwanin mabushi ba, da wuya ya san yadda zai sulhunta su. Shi ya sa galibin manyan kaɗe-kaɗen wannan fanni ke da wani mabushi a bayansu.

Johannes Brahms ne ya share hanya. Ya riga ya ce ya ajiye alƙalami, sai a 1891 ya ji busar Richard Mühlfeld na ƙungiyar makaɗan Meiningen. Abin ya ratsa shi har ya koma bakin aiki, kuma a 1894 ya rubuta sonata biyu na kilarinet da fiyano. Masu tsara kiɗa na ƙarni na 20 duk sun tashi sun tarar da su.

A Faransa kuwa jarrabawa ce ta haifar da aiki. Babbar makarantar kiɗa ta Paris takan buƙaci sabon kiɗa don gwada ɗalibanta, kuma haka Claude Debussy ya rubuta Première rhapsodie, aka busa shi a gasar 1910. A Vienna, Alban Berg ya ɗauki wata hanya a 1913: gajerun kaɗe-kaɗe huɗu, waɗanda suka fita daga tsarin sautin da kunne ya saba da shi. Sai a 1919 aka fara gabatar da su, a wata ƙungiya da malaminsa Arnold Schoenberg ya kafa. Camille Saint-Saëns ya bayar da tasa sonata a 1921, shekarar da ya rasu, Paul Hindemith kuma a 1939.

A ganina babu wanda ya cancanci godiyar wannan fanni a ƙarni na 20 kamar Benny Goodman, ɗan Amurka da ya yi suna a kiɗan jaz. Da kuɗinsa da sunansa ya riƙa neman manyan masu tsara kiɗa su rubuta masa. Shi da mai goge Joseph Szigeti ne suka sa Béla Bartók ya rubuta Contrasts a 1938, inda goge ya shiga tsakanin kilarinet da fiyano.

Sai Francis Poulenc, wanda sonatarsa ta 1962 ta fi kowacce kama mini zuciya. Ya sadaukar da ita ga marigayi abokinsa Arthur Honegger, kuma ana jin hakan: tsakiyarta makoki ne mai taushi, farkonta da ƙarshenta kuwa cike suke da zafin nama da tsalle-tsalle, kamar mai ƙoƙarin danne hawaye da raha. An shirya shi da kansa zai kaɗa fiyano, Goodman ya yi busa, amma rai ya yi halinsa a ranar 30 ga Janairu, 1963. A watan Afrilun shekarar aka gabatar da ita a zauren Carnegie na New York. Wanda ya zauna a kujerar Poulenc shi ne Leonard Bernstein, wanda shi ma aikinsa na farko da aka wallafa sonata ce ta kilarinet da fiyano, da ya kammala a 1942.