Daga Ƙahon Wanzami zuwa Gwajin Jini a Birketiri

Tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, fataken Hausawa suke gangarowa ta Tibati da Yoko neman hauren giwa da goro. Kuma da yake zango ba ya cika sai da malami da mahauci da wanzami, sa'ad da jama'a suka tare a unguwar Birketiri, wadda ta samo sunanta daga matoyar tubalin Turawa, sai ɗibbun gargajiya ya tare tare da su.

A wancan lokaci, idan yaro ya wayi gari gwiwarsa ta kumbura, yatsunsa sun sandare, sai a ce sanyin ƙashi ne, a aika wa wanzami. Shi kuwa ya buɗe zabira, ya kafa ƙaho a kan gaɓar, ya zuƙe iskar da bakinsa ya toshe kafar, sa'an nan ya yi tsaga da aska ya mayar da ƙahon. Jinin da ya taru ya daskare, shi yake nuna wa uwa a matsayin hujja cewa mataccen jini ya fita. Lalle bai yi kuskure ba da ya nemi labarin cutar a cikin jini, illa dai ido ba ya iya karanta shi.

A 1897 ne tabibi George Still ya bayyana wannan ciwon gaɓoɓi na yara a Landan, kuma a shekarar ce Biernacki na ƙasar Folan ya lura cewa jajayen ƙwayoyin jinin majiyyaci suna saurin kwantawa idan aka tsayar da jinin cikin siririn bututu, awon da Westergren ya daidaita a kan sa'a guda a 1921. A 1930 Tillett da Francis suka gano CRP, sinadarin da hanta ke zubowa idan kumburi ya tashi. A Yawunde kuwa, Cibiyar Pasteur mai gwajin jini ta buɗe a 1959.

Amma waɗannan alamomi shaidu ne kawai, ba su yanke hukunci, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga su, alhali wani yaron yana fama da ciwon amma gwajinsa bai nuna kome ba. Ga kuma amosanin jini, wanda ke kumbura hannun jarirai, yana rikita al'amarin. Saboda haka, ya ku iyaye, gaɓar yaro da ta kumbura a kai ta ga likita, in kuwa kumburin ya kai mako shida a roƙi a duba idanunsa ma, gama wannan ciwo yakan taɓa ido a ɓoye.